Nasiha ga Mai Neman Labubu

Duk wanda Allah Ya jarrabce shi da son Labubu, wato 'yar tsanar nan mai kunnuwan zomo da haƙora 9, wadda Kasing Lung, mai zane haifaffen Hong Kong, ya ƙago a 2015, kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin kuma ya fara sayar da ita a 2019, to, farkon abin da ya wajaba a kansa shi ne ya yi wa aljihunsa ta'aziyya tun bai fita gida ba, domin tun da aka ga ɗaya rataye a jakar Lisa, mawaƙiyar Blackpink, a 2024, al'amarin ya fi ƙarfin yara, ya koma hannun manya masu albashi.

Sammako sharaɗi ne, amma kada ka yi alfahari da shi, gama in ka yi sammako wani a tafe ya kwana, wanin nan kuwa ɗan baranda ne, wanda ko dai ya jera 'yan ijara a bakin shago tun dare, ko ya saki manhajar kwamfuta ta kwashe na intanet kafin ka gama bisimilla. In ka tarar da shi ka yi masa sallama da ladabi, don kafin azahar wurinsa za ka komo da kuɗi ninkin-ba-ninkin. Ka kuma riƙe hannunka da harshenka: hayaniyar layi ce ta sa kamfanin ya dakatar da sayarwa a shagunansa na Birtaniya cikin Mayun 2025, mai haƙuri da maras haƙuri duk suka koma gida hannu rabbana.

Sa'an nan ka sani a rufe ake sayar da kwalin, ba ka ganin abin da ka saya sai bayan ka biya, irin cinikin da malaman fiƙihu ke kira garari. Wadda ake wa laƙabi da ta sirri, wato muradin kowane mai tarawa, ɗaya ce cikin kwali 72, kwali kuwa yuan 99 ne a Sin, saboda haka mai himma sai ya tanadi yuan 7,128, da ɗakin ajiye masu kama ɗaya, alhali ko haka babu lamunin dacewa. In uwargida ta nemi ba'asi, ka ce jari ne, ka kafa hujja da wadda aka yi gwanjonta a Beijing cikin Yunin 2025 a kan yuan miliyan 1.08; sai dai ka sakaya cewa tsayin waccan santimita 131 ne, taka kuwa da kaɗan ta ɗara tafin hannu.

Masu jifan ɗan baranda da laifin ihtikari su yi masa adalci: ba hatsi ya ɓoye ba, kuma ƙarancin nan a masana'anta aka shirya shi, shi dai ya riga ka fahimtar karatun ne.

In duk ta gagara, akwai jabu, wadda ake kira Lafufu, ga araha, babu layi. Ka ƙirga haƙoranta, in sun haura 9 ko sun gaza, ka rataye ta fuskarta na kallon jaka, ka kuma guji ɗan baranda, don duk garin shi kaɗai ke ƙirgawa.