Kai da Ɓera, Wa Ya Fi Wani Sanin Sankara?

Na ga ka taɓe baki. Ka ce, "Ɓera? Ɓarawon daddawa za a tambaya maganin sankara?" Sannu, Malam. Ɓeran da ake magana a kansa bai taɓa shiga rumbun kowa ba. A keji aka haife shi, kuma an rubuta asalinsa kaka da kakanni, abin da in an tambaye ka naka sai ka fara sosa ƙeya.

Ka ce ai sankara lalacewar rubutun gado ce, in DNA ta ɓaci shi ke nan. Rabin karatun ka ji aka tashi aji. Rubutun da ke cikin ƙwayar hantarka shi ne a ƙwayar idonka, harafi da harafi, amma ban taɓa jin wanda ya hangi wata da hanta ba. Bambancin yana wajen alamomin da ake ɗora wa rubutun, kamar wasali a ajami: baƙaƙen suna nan yadda suke, karatun ne ya sauya. Masu sa alamomin da masu goge su wasu sinadarai ne da ake kira enzayim. DNMT yana liƙa ɗan metil a kan DNA, sau da yawa ya rufe bakin ƙwayar gadon da ke wurin. HDAC da EZH2 kuwa aikinsu a kan histon yake, wato furotin ɗin da zaren DNA ke naɗe a jikinsa. A sankara iri-iri, wasu ƙwayoyin gadon da ke hana ƙari girma lafiyarsu lau, bakinsu kawai aka rufe. Abin da aka rufe kuwa ana sa ran buɗewa.

"Tatsuniya," in ji ka. To, ga ta nan ga ta nanku. A 1995, a ɗakin binciken Rudolf Jaenisch da ke Cibiyar Whitehead a Amurka, aka ɗauki wasu ɓeraye masu gadon fitar da ƙari a hanji. Aka rage musu ƙarfin DNMT1 ta hanyar gado, aka ƙara da magani. Ɓerayen da ba a taɓa ba, kowanne na da ƙari kusan 113 a hanjinsa. Waɗanda aka yi wa aikin, 2. Ba sifili ya faɗi wajen buga rubutu ba, 2 ɗin ne.

Af, ga shi har ka miƙe! Ɗazu kana zagin ɓera, yanzu ka laluba waya za ka tura wa ƴan uwa a WhatsApp cewa an samo magani Turawa na ɓoyewa. Zauna tukuna, ba a kai ƙarshe ba. A 2003, ɗakin binciken nan dai, enzayim ɗin nan dai: aka rage shi har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na yadda ya kamata. Ɓerayen suka fito ƴan tsiguli, kuma tsakanin wata 4 zuwa 8 sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki mai zafin gaske ta kama su. Dalili? Metil ɗin nan ba bakin ƙwayoyin kirki kaɗai yake rufewa ba, yana kuma riƙe da tsarin gadon gaba ɗaya kada ya wargaje. A cire enzayim ɗin ƙurmus kuwa, ɗan ɓeran ko haihuwarsa ba za a yi ba, a ciki zai mutu. A ganina sakamakon 2003 ya fi na 1995 daraja, sai dai ba shi da daɗin turawa.

Ka ce to ashe duk aikin banza ne, ɓera daban mutum daban. Kai, wannan saurin juyawa haka? Azacitidine, maganin da ke daƙile DNMT, an haɗa shi a Cekoslobakiya tun 1964. Wani masanin kimiyya, Peter Jones, ya zuba shi a kan ƙwayoyin ɗan tayin ɓera a faranti, wasunsu suka rikiɗe suka zama tsoka mai motsi, kuma a 1980 shi da Shirley Taylor suka nuna cewa metil maganin ke hanawa. Sai 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wata cutar ɓargo da kan zarce ta zama sankarar jini. Shekara 40, Malam. Kai ko layin banki ba ka iya jira.

Kuma ba na sayar maka da kura da fatar akuya: yawancin nasarar irin waɗannan magunguna a sankarar jini take, a ƙari irin na mama ko huhu ba su taɓuka abin a zo a gani su kaɗai ba. Tazemetostat, mai daƙile EZH2, an dakatar da ɗaukar sababbin majinyata a gwajinsa a 2018 saboda wani yaro ya kamu da wata sankarar daban, kafin a amince da shi a 2020. Ka ce ɓera bai yi gargaɗi ba? Tun 2012 aka ga ɓerayen da aka cire wa EZH2 suna kamuwa da sankarar jini mai kama da ita. Ya faɗa, Malam. Kai ne lokacin kana can kana ɗana masa tarko.