Zuwa ga Bazazzagen da Aka Rataya wa Kati a Wuya

Bazazzage, barka da arziki. Labari ya iso Kano tun tawadar takardar ba ta bushe ba. An ce ranar da aka ba ka katin shaidar ma'aikaci sai da ka zagaya Tudun Wada sau biyu da igiyarsa a wuyanka, kamar ragon layyar da aka jawo daga kara, don kowa ya san yanzu kana da mai shi. Shekara biyar kana rubuta manhaja a kan kwantiragi, yau aikin wannan, gobe na wancan, ba mai tambayarka ƙarfe nawa ka tashi. Ashe duk tsawon lokacin nan jinin Samaru na nan yana tafasa a jikinka. Ku dai tun da aka kafa muku jami'a a 1962 ba ku da wani buri da ya wuce a ce ga ofishinku, ga ƙarshen wata.

Wanda ya kawo mini labarin ya ce ya same ka kana lissafa wa mutane ni'imomin da ka samu: "kujera na, kwamfuta na, albashi na." A cikin ukun nan albashin kaɗai ka faɗa daidai da Hausa, shi ɗin ma ba naka ne duka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga wajenka, kamfani ya ƙara kashi 10, a kai wa masu ajiyar fansho su riƙe maka sai ka kai shekara 50. Haraji kuma ba ya jiran ka kai da kanka, tun daga sama ake yanke shi kafin wayarka ta yi ƙara. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, na san kuma har ka yi murna, to abin da ya haura nan fa da gwamnati za ku ci. Da can kai ne kake ɓoye wa kowa abin da kake samu, har da matarka. Yanzu wata yarinya a ofishin akanta ta san shi har kwabo.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne lokacin da ka zaɓa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka sake ta a watan Yuni, kafin 2024 ta yi nisa ta haura 1,500. Mutumin da Turawa suke biya da dala ta Upwork da Payoneer, barci kawai zai yi ya tashi ya tarar kuɗinsa sun ninka sau uku. 'Yan canjin Wapa da suka saba ganinka duk wata har gaisuwa suke aiko maka. A irin wannan zamani ne Bazazzage ya duba gabas ya duba yamma ya ce shi naira yake so, ƙayyadajjiya, wadda ba ta motsi sai an yi zama an duba ƙwazonsa sau ɗaya a shekara. Da ɗan Kwari ne ya yi wannan cinikin, da ubangidansa ya karɓe mukullin shago tun kafin la'asar.

Amma bari in yi maka adalci, ko da yake ba ka saba samunsa daga wajena ba. Na san abin da ya kore ka. Na tuna watannin nan uku da aiki ya ɗauke ɗif, kana biyan kuɗin data da man janareto daga aljihu, bayan an cire tallafin mai lita ta zama abin da ta zama. Na tuna wani mai aiki a Kalifoniya da yake sa maka taro da ƙarfe huɗu na yammarsu, ƙarfe ɗayan dare a Zariya, kana gyangyaɗi kana cewa komai lafiya. Na tuna wanda ka yi wa aikin wata biyu ya karɓa ya ɓace, ba kotun da za ka kai shi. Sai kuma 'yan sandan hanyar Kaduna, waɗanda in suka ga matashi da kwamfuta a jaka ba su san wata sana'a ba sai damfara. Ko surukinka, da aka tambaye shi aikin mijin 'yarsa, cewa ya yi kana danne-danne da daddare. Yanzu akwai inshorar lafiya, akwai hutun shekara, banki zai kalle ka ya ba ka rance, tsoho kuma zai iya faɗin sunan wurin aikinka a majalisa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Wannan kam ba ƙaramin abu ba ne, na yarda.

Kalmar dindindin ɗin ce ban yarda da ita ba, kuma na ji kana ta jan ta kamar mai kiran salla. A sana'arku wa ya taɓa ganin dindindin? A Satumbar 2019 Andela ta sallami ƙananan masu rubuta manhaja kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, dukansu da kati a wuya irin naka. A Nuwambar 2022 ma'aikatan Twitter a Akra sun shiga sabon ofishinsu, ba a yi mako ba sallama ta iso. A 2024 Microsoft ta rufe cibiyar injiniyoyinta ta Legas. Kai ko gwajin wata shidan da suka ɗora ka a kai ba ka gama ba. Bambancinka da da shi ne, da kana da masu ba ka aiki huɗu, in ɗaya ya tafi uku na nan. Yanzu ɗaya ne tal, in ya yi atishawa kai ne za ka kwanta.

To amma duk wannan ba shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Na bincika, na kuma gano abin da ya sa suka ɗauke ka. Kamfanin nan ai shi ne ka yi wa kwantiragi shekara biyu da suka wuce, ka gina musu manhajar biyan kuɗi cikin mako shida maimakon wata huɗu, suka yi ta yabonka. Ni na san yadda aka yi ginin, don a ɗakina ka kwana kana yi. Ba gwaji, ba bayanin da wani zai karanta ya gane, nan faci can faci, wani wurin ma ka rubuta wa kanka cewa za ka gyara daga baya, alhali ka san ranar da bayan za ta zo kana wani gari. Haka ɗan kwantiragi yake, kamar maginin da ya san ba shi zai kwana a ɗakin ba ranar da damina ta sauka. Suka kawo mutum biyu bayanka, kowa ya buɗe ya rufe ya nemi wani aikin. Da suka rasa mai karanta rubutun, sai suka aiko wa mai shi da takardar dindindin. Ka ɗauka girmamawa ce. Kamu ne, Malam. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, kai kuwa naka da bene ka yi shi.

Yanzu duk daren da manhajar ta tsaya, wayarka ce za ta yi ƙara, ba kuma kuɗin ƙarin lokaci. Kullum da safe za ku yi taron nan na tsaye, a zagayo kanka ka faɗi abin da ka yi jiya da abin da ya hana ka ci gaba, kuma ba damar ka ce wanda ya yi aikin farko ne bai iya ba. An ce makon jiya ka buɗe wani sashe ka yi tsaki ka tambayi wane jahili ne ya rubuta wannan, aka duba tarihin aikin, sunanka ya fito da kwanan wata. In gaskiya za a faɗa, a nan ne za ka koyi sana'ar. Shekara biyar kana haihuwa kana yarwa, yanzu ne za ka san raino. Yaran da za su sa a ƙarƙashinka su ma za su koya daga gare ka, Allah dai ya sa ba har da Hausar ba.

Ni ina nan Kano a kan kwantiragina, ina tashi lokacin da na ga dama, ina kuma yin azumin dole duk watan da aiki ya yi yaji. Ba zan ce maka ban taɓa kallon katin nan naka da wutsiyar ido ba, amma ko za a yanka ni ba zan maimaita wannan maganar a gaban wani Bazazzage ba.

Saura batun da ke tsakaninmu. Shekara biyar duk watan cika-ciki in na aiko karɓar kuɗin shara sai ka ce Bature bai biya ba tukuna. Wannan hanzarin ya mutu. Na san ranar da ake biyanku, 25 ga wata, yarinyar ofishin akanta 'yar Fagge ce. Ka haɗa da bashin shekara biyar ɗin, kuma da farashin dala na lokacin da kake karɓarta za mu yi lissafi.