A Faɗa wa Inna Ba Talauci Ba Ne

Oudenaarde, Beljiyam
Nuwamba, 2025

Zuwa ga Yaya,

Ni dai lafiya ƙalau nake, sai sanyi da ya fara sallama, da gwiwoyi biyu da suke ta ƙorafi tun watan jiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce hoton da na ɗora a waya ya kai hannun Inna, ta duba ta sake dubawa, ta ce a tambaye ni ko aikin ne ya ƙare har na koma hawa keke, kuma wane marar imani ne ya sayar mini da wandon yara. Na ji Kawu ma ya ce dama shi ya faɗa, Turai ba ta kowa ba ce. Shi ya sa na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Ka karanta musu wannan bayan isha'i, inda ka ga ya kamata a tsallake ka tsallake.

Aiki dai yana nan, albashi yana shigowa. Keken da kuka gani na hannu na saya, amma kuɗinsa zai sayi babur a gida (wannan yana cikin wuraren da za ka tsallake in Kawu yana zaune). Na ƙwararru kuwa yakan haura Yuro 10,000. Kuma ba kariya, ba abin tare taɓo, ba ƙafar jinginewa, ko buhun gero rabi ba za ka ɗora masa ba. A nan gwargwadon abin da aka cire wa keke, gwargwadon tsadarsa. Sai da hukumar tseren keke ta duniya ta kafa doka cewa kada keken tsere ya gaza kilo 6.8, in ba haka ba da tuni sun cire sirdin ma.

Yankin da nake ana ce masa Filandas, kuma mutanensa ba su da wata magana sai ta keke. Akwai wani dattijo, Eddy Merckx, bana ya cika shekara 80. Ya ci gasar zagaye Faransa sau biyar, ta Italiya ma sau biyar, sarkin ƙasar ya ba shi sarauta, an kuma sa wa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sunansa a babban birni. Kana iya zagin firaminista a gidan shan shayi a taya ka, amma ka kuskura ka ce wani ya fi Merckx, sai ka nemi wani garin.

Ƙungiyarmu ta ƙauye ce, ta masu sha'awa. Ba mai biyanmu ko sisi, mu ne ma muke biya. Akwai likitan haƙori, akwai mai raba wasiƙu, akwai masu aikin kamfani irina, sai wani malamin makaranta da ya yi ritaya, ya haura saba'in, wanda nake kira Tsoho. 'Yan kasuwar garin ne suke ɗinka mana riguna a buga sunayensu: mai gidan burodi a ƙirji, mai gyaran famfo a hannu, a gadon baya kuma mai shirya jana'iza. Na yi wa shugabanmu magana a kan na ƙarshen. Ya ce shi ya fi kowa biya, kuma bai taɓa fashin zuwa kallo ba, kullum yana tsaye a ƙasan gangara.

Yadda na shiga kuwa, ba gudu ne ya kai ni ba. Wata Lahadi na iske su a bakin hanya, tayar likitan haƙori ta yi faci, ya zare tub zai jefa a kwandon shara. Yaya, tub lafiyayye, huda ɗaya tak! Na ce ya ba ni. Ka tuna zaman da muka yi wajen mai facin ƙofar gida muna riƙe masa famfo, kana cewa ɓata lokaci nake yi? Washegari na mayar masa da shi, an goge, an shafa sholisho, an manna, ko kumfa ɗaya ba ya yi a ruwa. Suka yi ta miƙa wa juna suna dubawa. Mako bai zagayo ba aka kawo mini riga.

Da farko Biniam suke kirana, saboda Biniam Girmay ɗan Iritiriya, wanda a 2022 ya zo har gidansu ya cinye gasar Gent zuwa Wevelgem, baƙar fatar Afirka na farko da ya ci irinta, sannan a 2024 ya tafi da koriyar riga a gasar Faransa. Na karɓi sunan hannu bibbiyu. Ranar da muka fara hawa tudu tare suka mayar mini da sunana na yanka, ba tare da kowa ya ce komai ba.

Kakar bana ta buɗe ranar 1 ga Maris, rana ɗaya da azumi. Na ce musu ba ci ba sha daga asuba har faɗuwar rana. Likitan haƙori ya yi ta lissafi a takarda, ya ce a ilimance ba zai yiwu ba. Na ce a gida manomi yana yi da fartanya a hannu, a zafin da zai narkar da wannan hular kwano tasa. Daga ƙarshe suka matsar da atisayen tsakiyar mako zuwa yamma lis, don mu dawo daidai shan ruwa. Mai raba wasiƙu ya riƙa zuwa da dabino a aljihun baya, yana duba agogo ya fi ni, in lokaci ya yi ya ɗaga hannu duk ayarin ya tsaya. Rabin dabinon dai a cikinsu yake ƙarewa, su da ba su yi azumin ba.

Babbar ranarsu ita ce ta gasar zagaye Filandas, wadda ake yi tun 1913, kuma tun 2012 a nan Oudenaarde take ƙarewa. Bana ranar 6 ga Afrilu aka yi, kusan kilomita 270, wato ya fi Kano zuwa Kaduna, wani yaro ɗan Sulobeniya, Tadej Pogačar, ya cinye. Ana gobe gasar akan saki hanyar ga irinmu, mutum wajen 16,000, kowa ya je ya ɗanɗana. Na ɗanɗana.

Bari in yi maka bayanin hanyar, don nan ne hankalina ya kasa kamawa. Ƙasar nan tana da kwalta sumul ko'ina. Amma sai su bar ta, su nemi tsofaffin hanyoyin gona da aka jera da duwatsu tun zamanin kakanni, su ce nan za a bi. Da a gida ne da tuni an tura wakilai wajen gwamna a roƙi a zuba kwalta. A nan gwamnati ce ta sa hanyoyin cikin kayan tarihi, wanda ya taɓa su zai gamu da hukuma. Har ana ba da labarin tudun Paterberg, wai wani manomi ne ya nace a jera masa duwatsu don gasar ta bi ta ƙofar gidansa, kuma tun 1986 take bi. Mafi mugunta shi ne Koppenberg. Tsawonsa mita 600 ne kawai, amma akwai inda tsayuwarsa ta kai kashi 22 cikin ɗari, ga santsi, ga ƙunci. A 1987 wani ɗan Denmak, Jesper Skibby, ya faɗi a kansa yana kan gaba, motar alƙalan gasa ta bi ta kan kekensa, aka cire tudun daga gasar sai 2002. A 2024 ma, da aka yi ruwa, ƙwararru da yawa sauka suka yi suna turawa. Saboda haka da na sauka na tura nawa, koyi na yi da manya. Tsoho ne kawai ya wuce ni a kan sirdi, yana tambayata ko na ga kyan furannin gefen hanya.

Daga Mayu zuwa Satumba kuma sai tseren ƙauyuka. Kowane gari yana da bikinsa na shekara, a kafa lilo, a soya dankali, a rufe tituna. A mashaya ake rubuta suna a karɓi lamba. Ana zagaya gari ne, zagaye ɗaya 'yan kilomitoci, a yi ta maimaitawa, gudun kuwa yakan wuce kilomita 40 a awa. Ga masu caca a gefe da allunansu da alli. Ni dai ban taɓa ganin sunana a allon ba, na kuma gode wa Allah da ya tsare ni daga zama sanadin zunubin wani. Sirrin abin shi ne iska. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, don haka kowa so yake wani ya shiga gaba, a yi ta harara ana zagi da harshensu. In ayari ya bar ka, kai da iska ne, kuma ita ba ta gajiya. In an ba ka rata da yawa, alƙali ya ɗaga maka tuta ka fita. Ni da alƙalan yankin nan yanzu mun saba, har iyali muke tambayar juna.

Kada ka ce ƙungiyar ba ta ci komai ba. Mai raba wasiƙu ya zo na uku a wani ƙauye, aka ba shi ambulan da kuɗin da bai kai na man motar da ta kai mu ba, muka yi mako biyu muna biki.

Amma Yaya, tseren shi ne ƙaramin aikin. Duk wanda ya sa rigar nan sai ya yi wa gari aiki. Ranar da ba ka tsere, kana tsaye a mararraba da riga mai ɗaukar ido da ɗan allo mai jan da'ira, kana tare motoci. Ni ɗin nan da ka sani, na ɗaga hannu direban tirela ya taka birki, ya jira har na ba shi izini. A faɗa wa Kawu wannan, a maimaita masa. 'Yan aji shida na firamare kuma suna da jarrabawar tuƙa keke a kan titi, mu ne muke tsayawa a kwana muna duba wanda ya miƙa hannu kafin ya juya. Ran Asabar muna buɗe garejin shugaba, mutanen gari su kawo tsofaffin kekuna, mu gyara a ba masu neman mafaka. Nan ne fadata. Likitan haƙori, da duk digirinsa, shi yake miƙo mini sifana. Matan ƙungiyar kuma suna koya wa matan baƙi hawa, 'yan Siriya da Afganistan da Somaliya, wasu sun haifi biyar ba su taɓa taka feda ba. Wata da ta iya, ta zagaya filin ta dawo tana guɗa irin tasu, sai da maƙwabta suka leƙo ta taga.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne gidan tsofaffi. Suna da wani keke mai ƙafa uku da kujera a gaba, mu ɗauki tsofaffi biyu mu zagaya da su bakin kogi su sha iska. In taƙaita maka, ƙaninka ya zama ɗan adaidaita sahu, sai dai ba a biya, fasinjan kuma shi yake ba da umarni. Akwai wata tsohuwa mai shekara casa'in da wani abu da ta ce ni take so kullum. Na ɗauka ƙauna ce. Ashe ta ga Merckx da idonta yana wucewa ta ƙofar gidansu, ta kuma ɗauki alkawarin gyara mini tuƙi kafin ta bar duniya. Tun daga ƙofa take faɗa: sauya giya, daina rawa da kafaɗa, wa ya koya maka shan kwana? Ranar da aka cire ni a tseren garinsu tana bakin hanya a keken guragu, ta kawar da kai.

A watan Satumba aka yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a Afirka. Muka taru muka kalla, su da abin shansu, ni da lemona. Ɗansu Remco Evenepoel ya ci tseren agogo, a babban tseren kuma ya zo na biyu bayan Pogačar ɗin nan dai. Duk wanda aka nuno a bakin hanya sai su juyo su tambaye ni ko na san shi. Na ce daga Kano zuwa Kigali ya fi daga nan zuwa Mosko. Suka gyaɗa kai, can kuma Tsoho ya ce to amma wancan mai tutar fa?

Yanzu an rufe kaka. Su dai ba su huta ba, sun koma wani tseren na hunturu inda ake saɓa keke a kafaɗa a yi ta gudu cikin taɓo. Na ce wannan kam a yafe mini. A walimar rufe shekara an ba mai raba wasiƙu kofi, ni kuma aka kira ni gaban jama'a aka ba ni tsohon famfo da aka shafa wa ruwan zinariya, magajin gari ya miƙo mini hannu, ya faɗi sunana daidai ba gargada.

Sauran magana ɗaya, ita ce ma ta sa na ce kai za a ba wasiƙar. Duk shekara a ƙarshen bazararsu ana tafiyar kilomita 1,000 daga garin Mechelen, kwana huɗu ana karɓa-karɓa, don tara kuɗin yaƙi da ciwon daji, kuma sai ƙungiya ta tara nata kason kafin a bar ta ta shiga. Mu da abinci muke tarawa, a dafa taliya a sayar da tikiti. Bana na ce a ba ni kusurwa ɗaya. Shugaba da kansa ya je mahautar Musulmi ya sayo nama, aka ware mini wuta tawa daban, na yi tsire da ɗan yajin da na zo da shi. Sun ci suna hawaye, suna shan madara, suna dawowa layi. Mai shirya jana'iza ya ci tsinke bakwai. Kafin taliya ta kai rabi nawa ya ƙare, kuma kwamiti ya riga ya buga a takarda cewa baɗi ma akwai, ba tare da an tambaye ni ba.

Don haka ina roƙo, a sa Gwaggo ta daka mini yajin tsire, mai ƙuli-ƙuli sosai, a rage barkono don kada mu rasa likitan haƙori. A ɗaure shi da kyau a rubuta abin da ke ciki, a ba duk wanda zai taho kafin watan Maris. Kuɗin yana cikin abin da zan turo ƙarshen wata, kada a haɗa shi da na cefane.

A gaishe da Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a, musamman a gangara. A gaida Kawu, da matarka, da yara duka.

Naka,
Ƙaninka