Sarkin Ruwan Takarda

Bakina ne ya jawo mini. Muna shan shayi a ofis a Ottawa cikin watan Fabrairu, ƙanƙara ta rufe gari, sai wani abokin aikina da nake kira Dogo a ɓoye ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon bikin kamun kifi na Argungu ne, dubban masunta sun afka kogin Matan Fada da gora da homa. Ya ce, "Mutanenku ne waɗannan?" Na ce ƙwarai kuwa, ai tun 1934 muke wannan biki. "Muke" fa na ce, ni da ko hanyar Argungu ban taɓa bi ba. Ni ɗan cikin birnin Kano ne. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gidanmu, shi ma ƙwallo na je cirowa, kuma dukan da na sha ranar ya raba ni da iyo har yau.

Dogo ya ce shi ke nan, sun sami cikon na huɗu. Duk shekara idan zafi ya shigo suna shiga daji da kwalekwale su bi kogi kwana da kwanaki. Da yake ni ake ba lissafi a ofis, aka ɗora mini tsara tafiyar, na kuma karɓa hannu bibbiyu.

Ban fara da ƙarami ba. Kogin Nahanni na zaɓa, can arewa maso yammacin Kanada, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Akwai magangarar ruwa a kansa, Virginia, mai tsayin mita 96, kusan ninki biyu na Niagara. Mota ba ta zuwa, sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa ya ɗauke ka daga Fort Simpson ya ajiye ka ya yi tafiyarsa. Ina cikin murna na ga wani wuri a taswira da ake kira Kwarin Matattu, kusa da shi kuma Rafin Marasa Kai, saboda wasu 'yan'uwa biyu masu neman zinariya da aka tsinci gawarsu a can ba kawuna. Na gaya wa Dogo kuɗin jirgin ne ya yi yawa. Ya yi yawan kuwa, amma ni na san abin da ya kore ni.

Muka dawo kan kogin Petawawa, cikin gandun dajin Algonquin, daga tafkin Travers zuwa tafkin McManus, kwana 4. Nan fa na zama malami. Na haddace cewa ana raba ruwa mai gudu kan duwatsu mataki 1 zuwa 6. Na haddace sunayen wuraren da kogin ke tafasa: Big Thompson, Little Thompson, Crooked Chute, Rollway. Na karanta cewa wanda ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba, kada ya yi gigin miƙewa cikin igiyar ruwa don dutse na iya riƙe masa ƙafa. Na buga duka a takarda, na kai aka yi mata rigar leda kamar takardar shaidar kammala firamare.

Abu ɗaya ya faranta mini a taswirar: ko'ina harafin P ne da lamba a gefensa. Na ce kai, Turawa da tsari, har cikin daji sun yi wurin ajiye mota. Na rubuta a tsarina cewa duk wanda ya gaji a nan za a zo a ɗauke shi. Kaina nake nufi.

Kafin mu tashi na kira Hajiyarmu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Auta, karatu da aiki aka tura ka ko su? Ruwa fa ba sa'an kwando ba ne." Na ce Hajiya akwai rigar ruwa, kuma komai a rubuce yake. Ta ce, "To, shi kogin ya iya karatu?"

Cikin mu huɗun akwai wata dattijuwa mai shekara 60 da ɗoriya, siririya, hannunta kamar na maƙeri. Gwaggo na sa mata. Da muka isa Travers ta ce kowa ya zazzage kayansa a ƙasa. Nawa suka fito: gwangwanin kifi 12, na tumatir 6, kwalbar man gyaɗa, tukunya mai murfin gilas, buta, dadduma, da kilishin da wani ɗan Zariya ke yi a gidansa. Ta ce an hana shiga cikin dajin Algonquin da gwangwani da kwalba, doka ce. Rabin guzurina ya koma mota. Ta ɗaga ledar kilishin ta shinshina, ta ce idan ita da tsohon hancinta ta ji ƙamshin ta cikin leda uku, ina ga beyar? Su da daddare abinci a bishiya suke rataye shi, nesa da tanti. Sai aka yanke hukuncin a cinye shi nan take don tsaro. Suna ci suna hawaye suna tari saboda yaji, amma ko tsinke ba su bar mini ba.

Ba mu yi nisa ba muka ga wani allo ruwan ɗorawa a jikin bishiya, an zana mutum ya kifa kwalekwale a ka. Na tambayi ina motocin. Gwaggo ta dube ni dubawa ta tausayi. Ashe P ɗin nan fotej ke nan: inda ruwa ya fi ƙarfinka ka fito, ka ɗauki jirgin a kafaɗa ka bi ta daji, lambar kuma tsawon hanyar ce da mita. Kwalekwalen ya haura kilo 30. Yana da wani katako a tsakiya da aka sassaƙa daidai wuyan mutum, kamar na shanun huɗa. Da digirina biyu na koma ɗan dako. Mutane suna ta yaba kyan dajin, ni cikin jirgi kawai nake gani da takalmana. Ga watan Yuni na zaɓa da kaina saboda ruwa ya fi yawa, ban san lokacin baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo ba ne. Suka shigo ƙarƙashin jirgin suka same ni hannuwa a sama, ba halin kora.

A Rollway ba wanda ya yi gardamar ɗaukar jirgi. Akwai ƙaramar alamar tunawa da Blair Fraser, ɗan jaridar da ya nutse a wurin a 1968, mutumin da ya daɗe yana tuƙin kwalekwale. Ranar ban yi surutu ba.

Wanda ya kayar da ni ɗan ƙaramin wuri ne, Gwaggo ma ta ce na koyo ne. Ina gaba, Dogo yana baya yana ihu in ja ta dama. Jirgin ya yi tsalle ɗaya, na saki filafili na cafke gefensa da hannu biyu, abin da takardata ta hana da manyan baƙaƙe. Muka kife. Sanyin ruwan ya ɗauke mini numfashi, rigingine da ƙafafu gaba duk suka gudu daga kaina, kalmar shahada kaɗai ta zauna. Ina ta bugun ruwa ina kiran Hajiya da Hausa har igiyar ta tura ni wani lungu da ruwa ya kwanta. Gwaggo ta matso da jirginta ta ce, "Yanzu kam miƙe."

Na miƙe. Ruwan iya cinya.

Takardar tsarina na hango can gaba tana tafiya abinta a kan ruwa, ledarta na ƙyalli. Petawawa cikin kogin Ottawa yake zuba, don haka na san ta riga mu kama hanyar gida. Dogo ya fito yana matse hula, ya dube ni ya ce, "Haka kuke yi a Argungu?" Na ce masa a can da gora muke shiga.