Miliyan ɗaya ba ta iya rabo ba

Alhazan kara na Illela, ku da ba ku ganin girman lamba sai ta jero sifiri shida a bayanta, yau da miliyan ɗinku na zo faɗa. Ku bakwai ku haɗa watanda, ku sayi sa na naira 1,000,000 ranar Lahadi. Kowa zai kawo 142,857, a nemi mai cika naira ɗaya a rasa. Ku uku ne? Haka zancen yake. Duk cika bakinta, biyu da biyar kaɗai aka yi ta ninkawa aka gina ta, shi ya sa lambobi 49 kacal ke raba ta ba saura.

Ga tawa: 720,720. Na ji wani dillali ya ce, “Malam, ai wannan ba ta ko kai ba.” Ba ta kai ba, Alhaji, amma ciro kalkuletar. Mutum bakwai, 102,960 kowanne. Sha ɗaya, 65,520. Sha uku, 55,440. Daga ɗaya har sha shida babu wadda ta gagare ta, kuma babu wata lamba ƙasa da ita mai wannan hali. Masu raba ta 240 ne. Malamin gado ma zai so ta: sumuni, sudusi, sulusi, duk su fita cif, ba a kai ƙarar kowa gaban alƙali ba.

Sirrin? 720 ce sau 1,001, ita kuwa 1,001 ita ce 7 sau 11 sau 13. Don haka duk lamba mai gida uku da ka rubuta sau biyu a jere, 365,365 ko 418,418, waɗannan ukun za su raba ta. Gwada, ina jira. Ramanujan na Indiya ya yi dogon nazari kan irin waɗannan lambobi masu tarin masu rabawa a 1915, kuma tawa na cikin jerinsu.

’Yan canji kuma, na ga kuna murmushi, wai in an tsallaka Konni lissafi zai watse tunda can da dala ake ƙirga sefa, biyar-biyar. To, sefa 720,720 dala 144,144 ce daidai.

Sai dai in kuna sha shida, maƙwabci ya shigo watandar ya zama na sha bakwai. Nan kam naira biyar za ta yi saura, ku ba yaron da ya riƙe igiya.