Ƙura Daga Chadi, Hayaƙi Daga Ƙofar Gida

Babu wanda aka rataya wa jakar tsaba a unguwar Malam Inna kamar hunturu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, shi ke hana ma'aikaci isa ofis da wuri, shi ke sa ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe makara a lacca ko da ɗakinsa na maƙwabtaka da katangar makaranta, shi ke rage sahun asuba, shi kuma ke ba wasu izinin wanke fuska da ƙafa su kira shi wanka har Juma'a ta zagayo. In an ce yaya sanyi, a ce lokacinsa ne, a ja majina a wuce. Da yake hunturu ba shi da lauya, duk tarin da aka yi a unguwa a kansa ake rubutawa.

A yi masa adalci, yana da nasa laifin. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, ta yi ta tankaɗe mana ita har hukumar NiMet ta yi gargaɗi, wani lokaci jirgi ya kasa sauka a filin jirgin Lawanti. Amma Chadi ba ta taɓa aiko mana da warin taya ba. Wannan namu ne. Da magariba ta yi, 'yan majalisa sun kewaye tsohuwar taya suna jin ɗumi, an cinna wa bola wuta da ledojinta, janareto na amsawa daga lungu. A daren sanyi kuwa iskar da ke kusa da ƙasa takan yi nauyi ta ƙi tashi, sai hayaƙin ya kwanta, ya gangara kwari, ga shi Gombe gari ne na tudu da kwari. Abin da muke gani da asuba mu ce hazo ne, da hannunmu a girkinsa.

Shirinmu na tarbar sanyi ma abin kallo ne. Mutum ya je gwanjo ya ɗauko jibgegiyar rigar da aka ɗinka don ƙanƙarar Rasha, ya ɗora hula, ya zura safa, har ƙarfe biyu na rana yana gumi a ciki don kada kuɗinsa su tashi a banza. Ya lulluɓe mota da tampol, ya goge babur, ya cika faso da basilin. Hanci kaɗai, wanda ta nan ɓarnar ke shiga, shi aka bari a buɗe. Takunkumi ya tafi da korona, wanda ya saka yanzu sai a tambaye shi, “Malam, ta dawo ne?” Da safe a share ƙofar gida ba yayyafi, a tura wa maƙwabci ƙurar, shi ma ya maido da ita cikin mutunci. Da dare a shigar da kaskon gawayi ɗaki, a toshe taga da tsumma, alhali gubar da garwashi ke fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, tana iya kashe mutum cikin barci. In an tashi da ciwon kai, a ce jaura ce, ko a fara zargin dangin miji.

Wani zai ce talauci ne. Gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya yi tsada, gawayi ne gatan talaka, motar kwasar shara kuma ba kowane lungu ta sani ba, wannan nauyi na hukuma ne. Sai dai buɗe taga ba ya cin naira ɗaya, haka nan fitar da kasko kafin a kwanta, ko yayyafa ruwan wanke-wanke kafin shara. Wani kuma zai ce kakanninmu sun sha hunturu ba takunkumi, sun yi tsawon rai. To, su kara da kirare suka ƙona, ba taya da leda ba, kuma itatuwa na tsaye suna tare musu iska. Mu kuwa gwamnati na dasa bishiyoyi a shirin Gombe Goes Green tun 2019, muna sakar musu awaki, manyan kuma muna maido da su gari a buhunan gawayi.

Saboda haka, in har za a tura tawagar dattawa N'Djamena ta kai ƙarar ƙura, babu laifi. Amma a fara binciken aljihun 'yan tawagar, duk wanda aka samu da ashana ya zauna a gida. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.