Mudun Litinin Ke Auna Sujadar Lahadi

Mu a nan unguwarmu ta Wusasa, in an tashi daga sujadar Hausa ranar Lahadi, ba a cika zarcewa gida ba. Akwai wata darbejiya a ƙofar gidan Baba tsohon hedimasta, a nan ake yada zango. Mata da zanen Zumunta, maza da Littafi Mai Tsarki a hammata, yara na ta tsere da takalman coci a hannu. A gindin bishiyar nan ake sake tauna wa'azin Rabaran har sai ya narke.

Lahadin da ta wuce a kan Dokoki Goma aka yi wa'azi, daga Fitowa sura 20. Goggo mai ƙosai ce ta buɗe hira tun kafin ta gama shimfiɗa tabarma.

"Ni dai, Baba, ta fannin kiyaye ranar Ubangiji ba mai kushe mu. Shekara nawa ina suya, ban taɓa ɗora kasko ranar Lahadi ba."

Gaskiya ta faɗa. Mu haka muka taso. Ko damina ta kai tsakiya, ciyawa ta kama gona, ba ka ganin namu da fartanya ranar Lahadi. Tela ya rufe kekensa, mai niƙa ya kashe inji. In kaka ta yi, dami ɗaya cikin goma na Allah ne, kafin a zuba hatsi a rumbu ake ware shi. Mai albashi kuma ya cire zakkarsa tun kuɗin na da ɗumi. Yaro ba ya sa hannu a tuwo sai an yi addu'a. In aka yi rasuwa, kafin gari ya waye 'yan Zumuntar Mata sun iso da itace da ruwa da kunu, su kwana suna waƙa tare da masu makoki. Waɗannan abubuwa namu ne, kuma muna son su.

Baba ya bari kowa ya gama yaba kansa, sannan ya ɗaga hannuwansa biyu.

"To, 'ya'yana, ku ƙirga mini da yatsu. Huɗu na farko tsakaninka da Allah ne. Sauran fa?"

"Shida," in ji wani saurayi ɗan ƙungiyar mawaƙa.

"Shida, tsakaninka da mutane. Iyaye, rai, aure, dukiyar wani, shaida, ƙyashi. Ke nan mafi yawan dokokin ba a cikin coci ake cika su ba. A kasuwa ne, da gona, da tsakar gida."

Wuri ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai wata yayarmu mai awon hatsi ta gyara zama ta ce, "Baba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Maganar mudu ce, ko ba haka ba?"

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Amma ta ci gaba da gaske. Ta ce da ta fara sana'a, abin da aka fara koya mata shi ne a riƙe mudu biyu, babba na saye a ƙauye, wanda aka bubbuga wa gindi kuma na sayarwa. Ta yi shekaru a haka, tana kuwa ba da zakka ba fashi. Ranar da aka karanta Littafin Firistoci sura 19 a taron mata, ta ji an ambaci ma'auni da mudu na gaskiya ƙarara, sai jikinta ya yi sanyi. Ta koma gida ta mai da ƙaramin mudun abin ba kaji ruwa.

"Riba ta ragu, Baba, ba zan ɓoye ba. Amma yanzu ina barci. Kuma wata Hajiya daga cikin birni takan aiko yaro takanas ya auna a wurina."

Wani manomi ya karɓe zancen, ya ce a surar nan ce kuma aka hana kuɗin ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai gona. Mu kuwa sau nawa yaro zai yini yana huɗa, rana ta faɗi, a ce masa ya dawo jibi? Ranar Lahadi kuma mu fito da rawa zuwa gaban bagade da baiko, alhali gumin wani na cikin aljihunmu. Goggo ta ƙara da maganar adashi: wadda ta kwashi nata, sai ta fara ɓuya in an zo karɓar zubi. Ba wanda zai kira kansa ɓarawo a cikinmu, amma doka ta takwas ta san ƙofar kowa.

Daga nan hira ta gangaro kan harshe, inda kowa ke da rabo. Uwar Zumunta ta ce abin da ya fi damunta shi ne gulmar da muke sa wa rigar addu'a. "Sai a ce, 'Ku sa wance a addu'a,' daga nan a kwance mata zani a kasuwa. Kafin yamma labarin aurenta ya kai Tudun Wada." Ta tuna mana yadda Yakubu ya kwatanta harshe da wuta a sura 3 ta wasiƙarsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Saurayin nan ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Amma Baba, ai an koya mana ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba."

"Haka ne, ɗana, kada ka saki wannan. Ba mai sayen ceto da mudu. Amma in kana ƙaunar mahaifinka, ya aike ka, sai ka zauna? Karanta Yohanna sura 14, za ka ga Yesu ya ɗaure ƙauna da biyayya da igiya ɗaya. A Matiyu sura 23 kuma ya tsawata wa masu ba da zakka har ta kayan miya, suna watsi da adalci da jinƙai. Bai ce su daina zakkar ba. Cewa ya yi a haɗa duka."

Baba ya nuna wajen tsohon cocin Saint Bartholomew, wanda aka gina da ƙasa irin ginin Hausa lokacin da mishan ta dawo Wusasa daga birnin Zariya a 1929. Ya ce tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, aikin da Likita Mila ya yi shekaru a kansa tare da mataimakansa. Kakanninmu sun karanta shi da fitilar ƙwai. Ba wanda zai ce bai ji da harshen da ya sha a nono ba.

Ni abin da na ɗauko daga gindin darbejiyar nan shi ne wannan. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa shiga coci su ji abin da Rabaran ya ce. 'Ya'yanmu ma ba sa riƙe rabin wa'azi. Mu suke karantawa: yadda muke awo, yadda muke biyan bashi, yadda muke zuwa gaida tsofaffinmu da ƙafa maimakon tura kuɗi ta waya kawai. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mu kuma Lahadin da ta yi kyau, ranar Litinin ake gane ta.

Don haka, 'yan'uwa, kafin Lahadi mai zuwa kowa ya duba mudunsa. Wanda ke riƙe da haƙƙin ɗan ƙwadago ya kai masa yau. Wadda ta ɓata sunan 'yar'uwarta ta je ta nemi gafara kafin ta ɗauki baiko. Allah ya ba mu ikon yin abin da muka ji. Amin.